Shirye-shiryen da Turawa ke kallo a gidajensu: da wanne ya kamata ka fara?

Idan aka ce mu lissafa shirye-shiryen talabijin na Turai da muka sani, lissafin ba ya nisa. Mr Bean, sai ƙwallon Firimiya, sai waɗanda suka ga zamanin da NTA ke haska Mind Your Language su ƙara da shi. Waɗannan kayan fitarwa ne. Abin da Turawan ke zama su kalla da kansu bayan abincin dare daban yake, kuma yawancinsa bai yi wani tasiri a wajen ƙasarsa ba. A Jamus akwai shirin 'yan sanda da ake haskawa daren Lahadi tun 1970. A Denmark akwai labarin wani ƙaramin gari da aka yi ta maimaita haska shi har mutane suka haddace maganganun cikinsa. A Ingila kuwa akwai titin da aka shekara 60 da ɗoriya ana bin rayuwar mazaunansa.

Yawan masu kallon shiri a ƙasarsa ba hujja ba ce cewa zai yi maka daɗi a Kano ko Maraɗi. Sau da yawa ma abin da ya sa mutanen ƙasa suka riƙe shiri shekara 40 shi ne zai hana baƙo shiga, domin su da shi suka girma, sun san kakan kowa a cikin labarin. Saboda haka kafin mutum ya ƙona datarsa gara ya tambayi kansa: ana iya shiga shirin nan daga tsakiya, ko sai an faro daga tushe? Da wane harshe zan ji shi? Sannan wa ke zaune kusa da ni a falo? Tambayar ƙarshen nan ba ƙarama ba ce, don ba a yi ko ɗaya cikinsu da tunanin gidan da uba da 'ya'ya da suruka ke kallon allo ɗaya ba.

Bari mu fara da waɗanda suka fi suna a Birtaniya, mu sallame su da wuri. Coronation Street ya fara fita a tashar ITV ranar 9 ga Disamba 1960. Kashi 13 aka ba da izinin yi da farko, sai ga shi a 2020 ya cika kashi 10,000. Labarin wani titi ne na talakawa ma'aikata a Weatherfield, garin da aka ƙirƙira a gefen Manchester. William Roache, wanda ya fito a matsayin Ken Barlow a kashin farko yana saurayi, ya ci gaba da fitowa a matsayin nan har ya haura shekara 90. Kishiyarsa EastEnders ta BBC ta zo ranar 19 ga Fabrairu 1985, ta kafa nata labarin a wani dandali mai suna Albert Square a gabashin Landan. A kashin ranar Kirsimeti ta 1986, wanda a cikinsa mai mashaya Den ya miƙa wa matarsa Angie takardar rabuwar aure, mutum miliyan 30 ne suka kalla idan aka haɗa da maimaici, wato fiye da rabin al'ummar ƙasar a lokacin. Masu kula da layukan wutar lantarki na Birtaniya sun daɗe suna sa ido kan lokacin tashin irin waɗannan shirye-shirye, domin da an tashi sai gidaje bila adadin su kunna butar lantarki lokaci guda don dafa shayi, buƙatar wuta ta yi tsalle.

Wanda ya san Daɗin Kowa ya san tsarin: unguwa ɗaya, gidaje kaɗan, kowa ya san sirrin kowa, labari ba ya ƙarewa. Bambancin biyun a yanayi yake. Coronation Street yana da barkwanci, da tsofaffin mata masu kaifin baki da tsegumi, ko ana cikin makoki sai wani ya saki maganar da za ta sa ka murmusa. EastEnders kuwa ihu ne da gaba da daba, musamman in 'yan gidan Mitchell suka shigo, kuma kowane kashi kan ƙare da bugun ganga a kan fuskar wani da aka bai wa mummunan labari. Cibiyar duka biyun mashaya ce, Rovers Return a can, Queen Vic a nan, a ciki ake ɗaura zance a ciki ake kwance shi. Dukansu sun shigo da iyalan Musulmi, gidan Masood a EastEnders daga 2007, gidan Nazir a Coronation Street bayan wasu shekaru, amma kada wannan ya ruɗe ka, irin labaran da marubuta suka ɗora musu ba su bambanta da na maƙwabtansu ba.

Shawarata a kan waɗannan biyu gajera ce. In kana zaune a Birtaniya, ko kana shirin zuwa karatu ko aikin jinya, ka kalli ɗaya na wata guda don kunnenka ya saba da Turancin da za ka ji a bas da asibiti, wanda bai yi kama da na mai karanta labarai ba. Na Manchester ya fi sauƙin haɗiya. In ba haka ba, ka bar su. Shiga labarin da ya girmi mahaifinka aiki ne, kuma ladan bai kai wahalar ba.

Inda Ingila ta yi abin a zo a gani shi ne Only Fools and Horses, wasan barkwancin da John Sullivan ya rubuta wa BBC daga 1981. Kashi 64 ne duka-duka. Del, wanda David Jason ya fito a matsayinsa, ɗan buga-buga ne a Peckham da ke kudancin Landan, unguwar da yau 'yan Najeriya suka cika. Yana sayar da duk abin da ya faɗo hannunsa daga cikin akwati a bakin kasuwa, ido ɗaya kan mai saye ɗaya kan ɗan sanda. Yana zaune a wani dogon benen gwamnati mai suna Nelson Mandela House tare da ƙanensa Rodney, wanda shi ya rene shi bayan rasuwar uwarsu, da kakansu, daga baya kuma da ƙanen kakan, tsohon sojan ruwa da ba ya gajiya da labarin yaƙi. Motarsu wata 'yar rawaya ce mai ƙafa uku. Kullum Del na yi wa Rodney alkawarin cewa baɗi war haka sun zama miloniya.

Ga misalin irin dariyarsa, daga wani kashi na 1982. Del ya shawo kan wani basarake cewa su ƙwararru ne wajen wanke manyan fitilun gilashi masu rataye a rufin zaure. Guda biyu ne a zauren. Shi da Rodney suka hau tsani, suka shimfiɗa mayafi a ƙarƙashin ɗaya, suka ƙanƙame shi da ƙarfi, suna jira. Kaka yana sama, ya ɗaga katakon daɓe, ya kwance noti a hankali, ya yi musu kirari su shirya, ya ɗaga guduma ya buga. Sai ɗaya fitilar, wadda ke can gefe babu kowa a ƙarƙashinta, ta sulmiyo ta tarwatse a ƙasa. Su biyun suna nan kan tsani riƙe da mayafi. Wannan ba ya buƙatar fassara. Amma gaskiya rabin dariyar shirin a baki take, cikin karin maganar 'yan kasuwar Landan da Faransancin ƙarya da Del ke jefawa don a ce ya waye, don haka sai mai Turanci da ɗan ƙwari, kuma da rubutu a ƙasan allo. Abin da ya ɗaga shi sama da sauran wasannin dariya shi ne zumuncin da ke ƙarƙashin zagin: yayan da ya cuci ƙanensa da safe shi ne zai sha duka dominsa da dare. Kashin ƙarshe na Kirsimetin 1996 ya tara mutum miliyan 24.3, kuma a nan ya kamata ka tsaya. Ukun da aka ƙaro tsakanin 2001 da 2003 ba su kai ba. Wani abin mamaki, Amurkawa ba su karɓi shirin ba, amma a Sabiya da maƙwabtanta ana ji da shi kamar nasu.

Ma'aikacin gwamnati kuwa, ko duk mai sha'awar yadda ake juya minista a ofishinsa, ya nemi Yes Minister na 1980 da ci gabansa Yes, Prime Minister. Minista Jim Hacker na son kawo sauyi, babban sakatarensa Sir Humphrey na amsa masa da to, sannan ya binne maganar cikin kwamiti da dogon Turanci. Margaret Thatcher, firayim ministar Birtaniya ta lokacin, ita kanta ta ce tana son shirin. Shi ne mafi tsabta cikin duk waɗanda zan ambata, ba abin da zai sa ka lalubi rimot, sai dai yara za su yi barci.

Yanzu ga zaɓin da ya fi wuya, na masu son binciken kisan kai. Jamus na da Tatort, Italiya na da Montalbano, kuma duk da cewa kowane kashi a cikinsu labari ne mai zaman kansa, ba abin da ya haɗa su sai gawa a farko da kamu a ƙarshe.

Tatort ya fara ranar 29 ga Nuwamba 1970, ya wuce kashi 1,200. Ana haska shi a tashar farko ta ARD ranar Lahadi da ƙarfe 8:15 na dare, daidai bayan labarai, minti 90. Sirrin daɗewarsa yana cikin tsarin ARD ɗin kanta, wadda gamayyar tashoshin yankuna ce. Kowace tasha da garinta da masu bincikenta, Ostiriya da Suwizalan ma suna kawo nasu. Wannan makon kana Munich, mako mai zuwa Vienna, na gaba Dortmund. Hoton buɗe shirin, idanun wani mutum cikin alamar saitin bindiga da ƙafafu na gudu a kan kwalta, kusan bai canja ba tun farko, haka ma kiɗan da Klaus Doldinger ya yi masa. Akwai mashayu da ke kafa babban allo mutane su taru su kalla tare, ranar Litinin kuma jaridu su yi sharhi a kai.

Illar wannan tsari ga baƙo ita ce ba ka san abin da za ka tarar ba. Na Münster, wanda ya fara a 2002, kusan wasan barkwanci ne tsakanin wani sufeto mai ƙarancin magana da likitan gawa mai ji da kai, kuma shi ya fi tara jama'a, wani kashinsa na 2017 ya haura mutum miliyan 14. Na Dortmund duhu ne da ɓacin rai. Na Cologne tsaka-tsaki ne, an san su da rufe bincike a tsaye gaban wata rumfar soye-soye a bakin kogin Rhine. Lena Odenthal ta Ludwigshafen na bakin aiki tun 1989. Tsofaffi kuma har yau ba su daina zancen Schimanski na Duisburg ba, ɗan sandan da ya zo a 1981 da tsohuwar jaket da ashar a baki ya rusa siffar jami'i mai kwat da taye. A 2019 Florence Kasumba, haifaffiyar Kampala, ta zama baƙar mace ta farko cikin masu binciken shirin. Yawancin kashin kan ɗauko wata matsala da ke damun Jamus a lokacin, tsadar haya, 'yan ƙyamar baƙi, kula da tsofaffi, cinikin makamai, a rataya ta a wuyan gawar. Wani lokaci abin ya yi kyau, wani lokaci ka ji kamar lacca ake maka. Fassarar Turanci ba ta yawaita ba, sai ta wasu garuruwa kaɗan. Don haka Tatort na mai koyon Jamusanci ne. Gare shi kuwa babu kamarsa, domin zai ji karin harshen kowane yanki, ga rubutun Jamusanci a ƙasa. Ya fara da Münster ko Cologne.

Montalbano ba ya wahalar da baƙo haka. Kashi 37 ne, tashar RAI ta yi su tsakanin 1999 da 2021 daga littattafan Andrea Camilleri, kuma mutum ɗaya, Luca Zingaretti, shi ya riƙe matsayin daga farko har ƙarshe. Salvo Montalbano shi ne babban jami'in ofishin 'yan sanda na Vigata, garin da aka ƙirƙira a tsibirin Sisili, an kuma ɗauki hotunan a yankin Ragusa, garuruwan farin dutse da tsofaffin majami'u da tituna shiru kamar an share mutane. Gidansa na bakin teku, da safe yakan yi iyo kafin waya ta buga. A Italiya wasu kashin sun haura masu kallo miliyan 10, har maimaici ma kan doke sabbin shirye-shiryen wasu tashoshin. BBC Four ta haska shi da fassarar Turanci, don haka wannan matsalar a warware take.

Daɗinsa yana wajen mutanen ofishin. Catarella mai ɗaukar waya ba ya iya buɗe ƙofa sai ta bugi bango, ya ba da haƙuri, sannan ya isar da saƙo da sunan mai kira a karkace, sai maigidan ya yi nasa binciken kafin ya gane wa ake nufi. Fazio, wanda shi ne mai aikin gaske, in aka aike shi ya binciko mutum sai ya zaro 'yar takarda daga aljihu ya fara da sunan uba da na uwa da ranar haihuwa, Montalbano na harararsa har ya mayar da ita. Mataimakinsa Mimì kuwa mata ne matsalarsa. Shi kansa Montalbano yana da doka ɗaya da ba ya karyawa: ba a magana in ana cin abinci. Za ka ga an ajiye masa farantin kifi a gidan abincin da ya saba a bakin ruwa, mai shari'a na jira, gawa na jira, shi kuwa ya ɗaga hannu ya tsayar da abokin zamansa har sai ya ajiye cokali. 'Yan mafiya suna nan, iyalai biyu masu gaba da juna, amma sau da yawa in aka tono sai a tarar ba su ba ne, gado ne, ko kishi, ko wani abin kunya da aka rufe shekara 40. Ya san inda doka ta tsaya da inda adalci ya tsaya, kuma ba kullum yake rubuta duk abin da ya gano a rahoto ba.

Akwai kuma abin da ya taɓa mu kai tsaye. Sisili na cikin gaɓar da kwale-kwalen masu ratsa Agadas da Libiya ke nufa, kuma shirin bai kau da kai ba. Kashin farko ma labarin wani yaro ne ɗan wata 'yar Tunisiya da ta ɓace, wanda yunwa ta sa yake ƙwace abincin 'yan makaranta. Wani kashin daga baya ya shiga batun safarar yaran bakin haure. Sai dai a yi hattara: shirin manya ne. Montalbano da budurwarsa Livia, wadda ke zaune can Genoa, sun shekara da shekaru ba aure, kuma da wuya kashi ya wuce ba a nuna wata mace cikin shigar da ba za ka so 'yarka ta gani ba. Mai son ɗanɗanon Italiya ba tare da wannan ba ya nemi Don Matteo, wanda RAI ta fara a 2000, inda Terence Hill ya fito a matsayin limamin coci mai yawo a keke yana riga jandarmomi gano mai laifi. Ya fi tsabta, amma ya fi sauƙi ƙwarai, tun daga tsakiya za ka san inda aka dosa.

Tsakanin Tatort da Montalbano, in ba Jamusanci kake nema ba, ka ɗauki na Sisili ba tare da dogon tunani ba.

Saura masu son labarin iyali da tarihi ya ratsa ta cikinsa, kuma a nan zuciyata take. Sifaniya ta yi Cuéntame cómo pasó, wanda tashar TVE ta haska daga Satumba 2001 zuwa Nuwamba 2023, kashi 413. Ya buɗe a 1968, Janar Franco na kan mulki, iyalin Alcántara da suka baro ƙauye suka tare a wata unguwar ma'aikata a Madrid suna ɗokin shigowar talabijin ɗinsu ta farko. Antonio masinja ne a ma'aikatar gona da safe, da yamma ma'aikacin ɗab'i. Matarsa Mercedes na ɗinkin wanduna a gida. Ga kaka Herminia, ga 'ya'ya, ƙaraminsu Carlos shi ke ba da labarin da muryar dattijo mai tuna baya. A idonsu ake ganin mutuwar Franco a 1975, da zaɓen farko, da yunƙurin juyin mulkin Fabrairu 1981, ana cakuɗa wasan da hotunan tarihi na gaske. Yaron da ya fito a matsayin Carlos a gaban masu kallo ya girma har ya yi gemu. Duk wanda ya rayu ƙarƙashin mulkin soja zai gane uban da ke rufe taga kafin ɗansa ɗan jami'a ya fara zancen siyasa. Matsalarsa tsawo. Kowane kashi ya fi awa ɗaya, ka lissafa da kanka. Ga shi da Sifaniyanci ne, fassara ba ta cika samuwa ba, kuma da labarin ya shiga shekarun 1980 sai shaye-shaye da sakin jiki su shigo tare da 'yancin. Zangunan farko, har zuwa mutuwar Franco, su ne gwal ɗin. Wanda ya tsaya nan bai yi asara ba.

Matador na Denmark ya yi irin wannan aikin cikin kashi 24 kacal, kuma a ganina ya fi. Lise Nørgaard ce ta ƙirƙiro labarin, Erik Balling ya ba da umarni, tashar DR ta haska shi daga 1978 zuwa 1982. Da aka maimaita shi a tsakiyar shekarun 1980, wani kashin ya tara fiye da mutum miliyan 3 da rabi a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 5 da 'yan kai ba.

A 1929 wani ɗan tallan tufafi, Mads Skjern, ya sauka daga jirgin ƙasa a garin Korsbæk da ƙaramin ɗansa maraya. Ya shiga babban kantin tufafin garin, wanda matan manya kawai yake wa hidima, aka yi masa kallon raini aka sallame shi. Ya lura cewa manoma da ma'aikata ba su da inda za su sayi sutura a mutunce, sai ya ƙudurta buɗe nasa kantin. Ya je banki neman rance, shugaban bankin, Hans Christian Varnæs, ɗan gidan da suka gaji garin, ya hana shi cikin ladabi. Wanda ya ba shi jari wani dillalin aladu ne, Oluf Larsen, mutumin da manyan gari ba sa gayyata cin abinci amma ya fi yawancinsu kuɗi a hannu. Mads ya auri 'yarsa Ingeborg, ya buɗe kanti, ya karya farashi, ƙanensa Kristen ya zo ya jagoranci sabon banki kishiyar na Varnæs. Daga nan har 1947 gabar gidajen nan biyu ce ke jan labarin.

Abin da ya sa nake fifita shi shi ne ba ya barinka ka zauna a ɓangare ɗaya. Da farko kana bayan Mads ɗari bisa ɗari, mai ibada ne, ba ya shan giya, an wulaƙanta shi ya tashi da guminsa. Sannu a hankali sai ka ga arziki na busar masa da zuciya, yana sayen mutane, yana riƙe laifin wasu a aljihu don ranar buƙata, yana matsa wa ɗansa ya zama abin da ba zai iya zama ba. Gidan Varnæs da ka raina kuma sai su fara ba ka mamaki. Maude, matar shugaban bankin, wadda da an sami ƙaramar matsala sai ta haye gado ta ce kanta na ciwo, ita ce a 1943, lokacin da Jamusawan da suka mamaye ƙasar tun Afrilun 1940 suka fara farautar Yahudawa, ta ɗauki mota ta fitar da Stein, ma'aikacin bankin mijinta, zuwa inda zai tsallaka Suwidin. Elisabeth, 'yar uwar Maude, da Kristen na son juna, gabar gidajen ta tsaya a tsakaninsu shekara da shekaru. A kicin kuma akwai wani labarin: 'yar aiki Agnes ta bar gidan Varnæs, ta auri ma'aikacin jirgin ƙasa ɗan gurguzu, ta fara gyaran safar mata a ɗakinta, ta wayi gari ita ke ɗaukar wasu aiki, mijin na rasa yadda zai yi da aƙidarsa.

Tafiyarsa a hankali take, zance ne a falo da kanti da teburin cin abinci, babu tsere babu harbi sai can wajen yaƙi. Ka ba shi kashi uku kafin ka yanke hukunci, don na farko gabatar da mutane ne kuma suna da yawa. Akwai giya a tebur, akwai cin amanar aure, amma yawanci faɗa ake yi ba nunawa ba, don haka ya fi Montalbano da Cuéntame sauƙin kallo da manyan 'ya'ya. An fitar da shi a faifai da fassarar Turanci. Kashi ɗaya kowane dare, kafin wata ya cika ka gama, kuma labarin yana da ƙarshe na gaske, abin da Coronation Street ba zai taɓa ba ka ba.

'Yan uwa na Nijar da Chadi da Kamaru da ke jin Faransanci suna da wata ƙofar. Plus belle la vie, labarin wata unguwa a Marseille, ya yi shekara 18 a France 3 daga 2004 zuwa 2022, ya kuma dawo a TF1 a 2024, amma hukuncinsa ɗaya da na takwarorinsa na Ingila. Wanda ya cancanci lokacinku shi ne Un village français, kashi 72 daga 2009 zuwa 2017, labarin wani gari a yankin Jura daga ranar da sojojin Jamus suka shigo a Yunin 1940. Likitan garin ya karɓi kujerar magajin gari don ya kare mutanensa, kowace rana ya ba da kai kaɗan, har ya tsinci hannunsa a cikin abin da ba ya wankuwa. Ya fi Matador ɗaci da nauyi, kuma ba na yara ba ne ko kaɗan.

Batun samu kuwa, manhajojin tashoshin nan, irin su iPlayer ta BBC da RaiPlay ta Italiya, yawancin kayansu a rufe suke ga wanda ke wajen ƙasar, don haka sai an nema ta faifai ko manhajojin da suka sayi izinin haskawa. Ka tabbatar akwai fassara a ƙasan allo kafin ka biya ko ka sauke. Kashin Montalbano ɗaya ya kusa awa biyu, kuma rabin daɗinsa a hoton garuruwan yake, ya cancanci babban allo da datar dare. Matador da Only Fools and Horses tsofaffin ɗauka ne na cikin ɗaki, ƙaramin hoto a waya ya ishe su, in dai rubutun yana karantuwa.